Hannun Ƙarshe

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga kara a Potiskum ranar da kasuwa ta ci, ya ga yadda ake lodin shanu a manyan motoci domin kai su kudu, wasu Legas, wasu Anaca, wasu Fatakwal. Tafiya ce ta dare da rana wadda ta fi ƙarfin mutum ɗaya, saboda haka sau da yawa direba yakan tafi da wanda zai karɓe shi in barci ya fara fizgarsa. Shi wannan mai karɓa ba shi ya duba birki kafin a tashi ba, ba da shi aka yi shawarar ƙara shanu uku a kan lodi ba, ba shi kuma ya ɓata sa'o'i a tasha har gudu ya zama dole ba. An dai tashe shi ne da tsakar dare aka ce ga sitiyari. To, in mota ta faɗi a gangare, tambayar farko da za a yi a gari ita ce, "Wa ke tuƙi?" Da zarar an ambaci suna, shari'a ta ƙare a bakin jama'a.

Ba a kan hanya kaɗai muke yin haka ba. In majinyaci ya cika, abin da ake fara tambaya shi ne a hannun wane likita. In yara suka faɗi jarrabawar fita sakandare, malamin ajin ƙarshe ake nuna wa yatsa, a manta da waɗanda suka riƙe su shekara 11 kafin su iso gare shi. In maraya ya lalace sai a ce matar uba ce, ko da kuwa ta same shi ya riga ya kangare. A duk waɗannan wurare akwai mutum ɗaya da aka miƙa wa aikin da wani ya fara, bayan aikin ya yi nisa, kuma a hannunsa ne abin zai ƙare. Shi muke nufi da hannun ƙarshe.

Tambayoyi biyu ne wannan maƙala za ta duba. Ta farko, shin adalci ne mu ɗora wa hannun ƙarshe dukan laifi ko dukan yabo? Ta biyu, shi kansa wanda aka miƙa wa, yaya ya kamata ya ɗauki abin da ya gada? Domin neman amsa za mu yi doguwar tafiya zuwa wani wasa da ba a yin sa a filayenmu, watau besbol. Dalili kuwa shi ne, a wannan wasa karɓar aiki a ƙurarren lokaci sana'a ce mai zaman kanta, ana biyan mutum albashi dominta, ana kuma rubuta duk abin da ya yi a littafi. Bugu da ƙari, ba mu da ɗan'uwa a cikin 'yan wasan, don haka son rai ba zai rufe mana ido ba.

Wasan da Mai Karɓa

Besbol ya fi ƙarfi a Amurka da Japan da ƙasashen yankin Karibiyan. Ƙungiyoyi biyu ke karawa, kowace da mutum tara a fili. Mai jifa yakan tsaya a tsakiyar fili ya wurga ƙwallo mai tauri, wadda ba ta wuce cikin tafin hannu ba, zuwa ga mai bugu da ke tsaye da gora a tazarar mita 18 da ɗoriya. In mai bugu ya maka ƙwallon, sai ya ruga ya bi zango uku da aka jera a fili ya komo gida, watau inda ya tashi. Duk wanda ya komo gida ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Ba dole ne ya zagaye su a tashi ɗaya ba, yana iya tsayawa a wani zango ya jira abokinsa ya buga, sa'an nan ya ci gaba. Aikin mai jifa da 'yan ƙungiyarsa shi ne su fitar da masu bugu uku, daga nan sai a yi musanya. In kowane ɓangare ya yi nasa bugun, an yi turmi ɗaya ke nan, in mun ari kalmar 'yan dambe. Turmi tara ake yi. Agogo ba ya tashin wannan wasa, saboda haka wanda ke gaba ba shi da damar ɓata lokaci har alƙali ya hura usur. Tilas sai ya fitar da mutum na ƙarshe.

Kafaɗar ɗan Adam ba ta jure irin wannan jifa na dogon lokaci. Wanda ya fara wasa yakan gaji in ya yi jifa kamar 100, sai koci ya cire shi, kuma wanda aka cire ba ya komawa fili a ranar. Masu karɓarsa suna zaune ne a wani keɓaɓɓen wuri can bayan fili, wanda sunansa a harshen masu wasan ke nufin shingen bijimai, abin da zai ba mutumin Potiskum dariya. A nan suke jira har wayar tarho ta yi ƙara a kira sunan ɗayansu. Daga cikinsu akwai wanda ake ajiyewa musamman domin turmi na tara, a ranar da ƙungiya ke gaba da ɗan ƙaramin rinjaye. Shi ne mai rufe wasa. In ya riƙe rinjayen har aka tashi, sai a rubuta masa cewa ya tsare nasara. In rinjayen ya kuɓuce a hannunsa, a rubuta cewa ya zubar. An fara wannan lissafi a hukumance a shekarar 1969.

Ɗan Masunci

A wannan shekara ta 1969, ranar 29 ga Nuwamba, aka haifi Mariano Rivera a ƙasar Panama. Ya tashi a Puerto Caimito, wani ƙauyen masunta a bakin teku, inda mahaifinsa ke jan ragamar jirgin kamun kifi. Yaran ƙauyen da kwali suke yin safar kama ƙwallo, su kuma dunƙule tsohuwar koma su naɗe ta ta zama ƙwallo, kamar dai yadda namu yaran ke yi da tsumma da leda. Ƙwallon ƙafa ya fi so tun farko, rauni ne ya raba shi da ita. Yana ɗan shekara 16 ya shiga jirgin mahaifinsa, ya ga wahalar teku da idonsa, har wani kawunsa ya rasu sanadiyyar hatsarin da ya auku a cikin jirgin a 1988.

A 1990 ƙungiyar New York Yankees ta ɗauke shi. Ya yi shekara biyar a ƙananan rukunoni, aka yi masa aiki a gwiwar hannu a 1992, sa'an nan ya shiga babban rukuni a watan Mayun 1995 a matsayin mai fara wasa. Bai yi abin a zo a gani ba a wannan matsayi, sai aka mayar da shi cikin masu jira. A idon mutane da yawa wannan ci baya ne, domin a al'adar wasan mai farawa shi ne babba, mai karɓa kuwa wanda bai kai ba ne. Amma a nan ne ya sami kansa. A 1996 ya zama mai share fage ga mai rufe wasa, a 1997 aka ba shi rufewar gaba ɗaya. A wannan shekara ce kuma, yana cikin jefe-jefen motsa hannu da wani abokin wasansa, ya ga ƙwallonsa ta fara kaucewa gefe daf da isarta. Ya riƙe wannan salon jifa guda ɗaya ya ƙware a kansa, har ya zama masu bugu sun san abin da ke zuwa amma ba su da maganinsa, gorarsu ma takan karye a hannunsu.

Ya yi kaka 19 a ƙungiya ɗaya, ya yi ritaya a 2013. Ya tsare nasara sau 652 a wasannin kaka, adadin da babu wanda ya kai shi, da sau 42 a wasannin neman kofi. Ƙungiyarsa ta ɗauki babban kofi sau biyar yana cikinta, a 1996 da 1998 da 1999 da 2000 da 2009. A 2019 aka zaɓe shi cikin zauren gwarazan wasan da ƙuri'a 425 daga cikin 425, shi ne na farko da aka taɓa zaɓa ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba. Ba mu kawo shi nan domin mu mai da shi waliyyi ba, aikinsa a fili kawai muke dubawa. Kuma abin da ya fi jan hankalinmu a lissafinsa wani adadi ne da ba a cika ambata ba: sau 80 nasara ta zube a hannunsa a wasannin kaka. Wanda ya fi kowa iya wannan aiki a tarihi, sau 80 ya sauko daga fili dubban mutane na kallonsa a matsayin wanda ya ɓata wahalar 'yan'uwansa.

Littafi da Bakin Jama'a

Mu koma ga tambayarmu ta farko. Masu besbol suna da wata ƙa'idar lissafi da ta cancanci mu tsaya a kanta. In aka kira mai karɓa ya tarar akwai abokan gaba a kan zango, ana kiransu waɗanda ya gada. Idan suka komo gida suka ci maki, ba a kansa ake rubuta makin ba, ana rubuta shi ne a kan wanda ya bar su suka hau zangon tun farko, ko da kuwa shi yana can zaune a benci ya rufe kafaɗa da tawul.

Ga misali. Ranar 18 ga Oktoban 2004, a birnin Boston, Yankees na gaba da maki 4 da 2 a turmi na takwas. Mai jifan da ke fili, Tom Gordon, ya bari aka ci ɗaya, ya kuma bar mutum biyu a kan zango, ɗaya a na farko ɗaya a na uku, ba tare da ya fitar da kowa ba. A wannan hali aka kira Rivera. Ya fitar da mutum uku a jere. Amma na farkonsu ya buga ƙwallon sama ta yi nisa, kafin a cafke a dawo da ita wanda ke zango na uku ya ruga gida, aka yi kunnen doki. Daga bisani Boston ta ci wasan, ta kuma ci biyun da suka biyo baya ta fitar da Yankees. To, me littafi ya rubuta? Ya rubuta makin a kan Gordon, domin shi ya bar mutumin ya hau zango. Ya kuma rubuta wa Rivera cewa bai tsare nasara ba, domin abin da aka kira shi ya yi ke nan. Kowa an ba shi nasa.

Bakin jama'a ba ya irin wannan rabo. A 1986 ƙungiyar California Angels ta shiga turmi na tara tana gaba da maki 5 da 2, nasarar ranar kuwa za ta kai ta wasan ƙarshe na babban kofi a karo na farko a tarihinta. Masu jifa biyu suka gabata, rinjaye ya ragu zuwa maki ɗaya, ga kuma mutum a kan zango, sa'an nan aka kira Donnie Moore. Saura jifa ɗaya a tashi, mai bugu ya fitar da ƙwallo waje, Boston ta wuce gaba. Angels ta farke a turmin, ta sami damar cinye wasan ta kasa, ta kuma sha kashi a wasanni biyu da suka rage, waɗanda da ta ci ko ɗaya da ta wuce. Duk da haka sunan Moore kaɗai ya zauna a bakin mutane, magoya bayan ƙungiyarsa suka riƙa yi masa ihu. A watan Yulin 1989, bayan rauni ya ci ƙarfinsa an sallame shi daga wasa, ya harbi matarsa, ta rayu, shi kuma ya kashe kansa. Ba za mu ce jifa ɗaya ce ta jawo wannan ba, domin yana da matsalolinsa na gida da na rai, kuma abin da ya yi wa matarsa laifinsa ne shi kaɗai. Abin da muke nunawa shi ne yadda jama'a suka tattara faɗuwar mutum fiye da 20 suka rataya wa mutum ɗaya.

Me ya sa muke yin haka? A ganinmu sauƙi muke nema. Bin diddigin al'amari tun daga tushensa aiki ne mai wuya, yana bukatar haƙuri, kuma sau da yawa in aka bi sawun sai ya biyo ta ƙofar gidanmu. Hannun ƙarshe kuwa ga shi a fili, kowa ya gan shi, yana da suna da fuska. Yabo ma haka muke yi da shi. Wanda ya kalli wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafa a gasar Olamfik ta Atlanta, ranar 3 ga Agustan 1996, ba zai manta Emmanuel Amunike ba, wanda ya taso daga benci ya ci ƙwallo ta uku a ragar Ajantina ana daf da tashi. Amma da Celestine Babayaro da Daniel Amokachi, haifaffun Kaduna, ba su farke biyun farko ba, da tasa ƙwallon ba ta zama ta nasara ba. Saboda haka mai cewa tunda hannun ƙarshe ke kwashe yabo sai ya haƙura ya kwashe zargi, kuskure biyu ya haɗa yana zaton sun zama daidai.

Abin da Zaluncin ke Haifarwa

Wani zai ce wannan duk maganar wasa ce, me ya yi zafi? Amsar tana nan kusa da mu. Mu ɗauki mace mai naƙuda a wani ƙauye na Fika ko Nangere. Ta kwana biyu tana fama a ɗaki, ana jiran maigida ya dawo ya ba da izini, ana gwada jiƙe-jiƙe. Da aka yanke shawarar tafiya sai neman mota da kuɗin mai, ga hanya ba kyau. Ta iso gari jini ya kusa ƙarewa, ma'aikaciyar da ke aikin dare ta karɓe ta. Tun a 1994 masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka kasa abin da ke kashe mata wajen haihuwa zuwa jinkiri iri uku: jinkirin yanke shawarar neman taimako, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyu daga cikin ukun sun auku tun ma'aikaciyar ba ta san da matar ba. Amma in rai ya yi halinsa, ita za a zaga a zaure, wani lokaci ma a ɗaga mata hannu.

Mutum ba dutse ba ne, yana koyon darasi daga abin da aka yi masa. In ya ga cewa duk wanda abu ya mutu a hannunsa shi ne mai laifi, sai ya koyi kada ya bari abu ya iso hannunsa. Daga nan ne ake samun ma'aikacin da zai dubi majinyaci ya ce a wuce da shi gaba, alhali ya san ba zai kai ba. Daga nan ne direba zai ga hatsari a hanyar Damaturu ko ta Azare ya ƙara wuta, don gudun kada ya ɗauki mai rauni ya cika a motarsa a tsare shi da tambayoyi. Matsalar ta yi girman da sai da aka yi mata doka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai bukatar taimakon gaggawa, wata doka ta 2017 kuma ta wajabta wa asibitoci su kula da wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Doka tana iya tilasta wa mutum ya buɗe ƙofa, amma ba ta iya cire masa tsoron da mu muka dasa masa. Al'ummar da ke dukan mai karɓa, wata rana za ta kira ba wanda zai amsa, kuma ba mu san a kan wanenmu ranar za ta faɗo ba.

Amsar tambayar farko ke nan. Ba adalci ba ne, kuma cutarwar ba ta tsaya a kan wanda aka zalunta ba. Haƙƙinmu ne mu 'yan kallo, kafin mu yanke hukunci, mu tambayi yadda mutum ya tarar da abin, mu rubuta wa kowa nasa kamar yadda littafin wasa ke yi.

Haƙƙin Mai Karɓa

Sai dai akwai haɗari a cikin wannan amsa, domin malalaci na iya mai da ita mafaka. Mun san irinsu: sabon shugaban da zai shekara huɗu yana ba da labarin ɓarnar da ya gada, malamin da zai ce yaran sun zo masa ba su iya komi ba don haka ba zai wahalar da kansa ba, ma'aikacin da zai ce ai an kawo ta a makare, alhali shi ma ya ƙara nasa jinkirin yana hira. Kada mu manta, jinkiri na uku a cikin asibiti yake. Wanda ya gaji rami ba shi ya haƙa ba, amma an kira shi ne saboda akwai ramin. Da komi lafiya yake da ba a tashe shi ba.

A nan ne rayuwar Rivera ke da abin koyarwa. Ranar 4 ga Nuwamban 2001 aka yi wasa na bakwai, na raba gardama, tsakanin Yankees da Arizona. Makonni kaɗan ne bayan harin 11 ga Satumba, birnin New York na cikin makoki yana neman abin da zai share masa hawaye. Rivera ya karɓa a turmi na takwas ana 2 da 1, bayan ya tsare nasara sau 23 a jere a wasannin neman kofi. A turmi na tara ya ɗauki wata ƙwallo mai sauƙi ya jefa ta ba daidai ba, daga nan al'amari ya rikice, aka ci su 3 da 2, kofi ya tafi. Yana da abin fakewa in ya so. A wasanni bakwai ɗin nan 'yan ƙungiyarsa maki 14 kawai suka ci, aka ci su 37, a wasa na shida ma 15 da 2 aka lallasa su. Duk gaskiya ne, amma ba daga bakinsa ya kamata a ji ta ba. Ya tsaya gaban 'yan jarida ya amsa tambayoyinsu. Da kaka ta zagayo aka kira sunansa ya fito, ya kuma ci gaba da fitowa har shekara 12 bayan haka. A 2005, da mutanen Boston suka tashi tsaye suna yi masa tafin shaƙiyanci saboda abin da ya faru a 2004, dariya ya yi ya ɗaga musu hula.

Abubuwa uku muka tsinta a nan. Na farko shiri. Mai rufe wasa bai san ko za a kira shi yau ba, kuma in an kira shi aikin bai wuce jifa kamar 15 ba, amma dole ya zauna a shirye a kakar da ke da wasa 162. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma yawancin aikin mai karɓa yana yin sa ne a lokacin da ba mai kallonsa. Na biyu, karɓar abu yadda yake. In ya shigo fili ba shi da lokacin tambayar wa ya bar waɗannan mutane a kan zango, domin duk tunanin da ya kashe a kan laifin wani ya rage shi ne daga jifar da ke gabansa. Na uku, iya ajiye jiya. Wanda ya kasa yafe wa kansa faɗuwar jiya zai shigo yau hannunsa na rawa, ya jawo ta biyu. Wannan ya bambanta da rashin damuwa. Mutum ya dubi kuskurensa, ya amsa shi, ya gyara, sa'an nan ya sauke shi saboda akwai waɗanda ke jiransa gobe.

Mai karatu zai ga kamar amsoshinmu biyu sun ci karo: mun ce kada a ɗora masa duka, mun kuma ce ya ɗauka kamar duka nasa ne. Ba su ci karo ba, domin ba mutum ɗaya ake yi wa magana ba. Rabon laifi aikin mai kallo ne, bayan ƙura ta lafa. Riƙon amana aikin mai karɓa ne, a lokacin da abin ke hannunsa. Ɓarna takan zo ne in aka yi musanya, watau mai kallo ya ce duk naka ne, mai karɓa kuma ya ce ba nawa ba ne. Kuma kowane ɗaya yana taimakon ɗayan: inda jama'a ke adalci, mai karɓa ba ya jin tsoron cewa na yi kuskure, inda kuma masu karɓa ke amsa nasu, jama'a ba ta da dalilin farautar wanda za ta rataya wa.

Kammalawa

Akwai wani ɗan labari da ya biyo bayan faɗuwar 2001. Wani abokin wasan Rivera, Enrique Wilson, ya yanki tikitin komawa ƙasarsu Jamhuriyar Dominika a jirgin ranar 12 ga Nuwamba, da nufin sai an gama bikin ɗaukar kofi. Da ba a ci kofin ba sai ya tafi tun kafin ranar. Jirgin da ya bari ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga New York, duk mutum 260 da ke ciki suka mutu, da wasu biyar a ƙasa. Ba muna cewa faɗuwar alheri ce ba, domin waɗanda suka mutu sun mutu, kuma jifar da ta kauce kuskure ce ko da me ya biyo bayanta. Abin da labarin ke tuna mana shi ne, wurin da muke ja layi mu ce nan ne ƙarshe, mu ne muka ja shi. Al'amura suna ci gaba da tafiya bayan mun tashi daga kallo, kuma hannun da muka kira na ƙarshe yakan zama na tsakiya in an ƙara kwana.

Mu da ke cikin jami'a wannan magana ta shafe mu ta fuska biyu. Malamanmu hannun ƙarshe ne ga ɗaliban da firamare da sakandare suka miƙo, da ƙarfinsu da rauninsu. Ɗalibanmu kuma gobe za a tura su makarantu da asibitoci da ofisoshin da wasu suka riga suka bar wa mutane a kan zango, za su kuma gaji harshe da adabin da wasu suka fara rubutawa. Babu wanda za a ba sabon fili. Kowanenmu wata rana mai kallo ne, wata rana mai farawa, wata rana kuma shi za a tasa da tsakar dare.

Saboda haka in labari ya iso kara cewa mota ta faɗi, kafin mu tambayi wa ke tuƙi, mu tambayi wa ya duba birki, wa ya ƙara lodi, wa ya sa aka makara. In kuwa mu aka taɓa wa kafaɗa a cikin duhu aka ce ga sitiyari, mu wanke ido mu karɓa da hannu biyu, domin shanun da ke baya da mutanen da ke zaune a kansu ba su da wani direba a wannan lokaci sai mu.